Daga Yashin Rafi Zuwa Ƙusa: Tarihin Kibiyar Farauta a Ƙasar Bahuli

Ƙarfen da ke kan kibiyar harbin zomo a ƙasar Mubi bai wuce tsawon tafin hannu ba, in ka ɗora shi a hannu kuma da ƙyar za ka ji nauyinsa. Siriri ne mai tsini, da kunne ɗaya ko biyu masu kallon baya, da 'yar wutsiya da ake cusawa cikin kyauro. Gindin kibiyar ba shi da gashin tsuntsu irin na kibiyoyin Larabawa da Turawa. Baƙo zai iya raina ta, ya ce kayan wasan yara ce. Amma wannan ƙanƙanta tana da dalili, dalilin kuwa tsadar ƙarfe ce a zamanin da sai an narka shi daga yashi kafin a same shi.

Bahuli gunduma ce a ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, a gindin duwatsun Mandara da suka raba Najeriya da Kamaru. Mutanenta Fali ne, harshensu ɗan'uwan na Vimtim da Muchalla da Bagira. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, inda gona ke maƙale da tsauni, kuma abin da ke cikin tsaunin ba ya ƙyale gonar. Biri na sauka ya karya dawa, kurege da gafiya su tone gyaɗa, zabin daji da makwarwa su bi shuka suna tsince iri, rema kuma tana cikin kogo. Saboda haka manomin wannan yanki ya daɗe yana riƙe da baka don abu biyu: ya tsare amfaninsa, ya kuma sa nama a miya da rani, lokacin da akuya dukiya ce ta aure da biki, ba ta yanka don marmari ba.

Kibiya ta girmi ƙarfe a wannan sashe na duniya. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, masu binciken kufai daga jami'ar Frankfurt da ta Maiduguri sun tono kawunan kibau na dutse da tsinannun ƙasusuwa, na mutanen da suka zauna a can tun wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa. A tudun Daima kusa da tafkin Chadi, inda Graham Connah ya yi tono a 1965 da 1966, an sami makaman ƙashi masu kunnuwa. Wato kunnen da ke hana kibiya fita daga jikin dabba an san shi tun kafin a san wutar maƙera. Da ƙarfe ya iso yankin Mandara 'yan ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, tsohuwar siffa ya tarar, ya shiga cikinta.

Samun ƙarfen nan wahala ce da ya kamata a tsaya a dube ta. A duwatsun Mandara ba rami ake haƙawa a ciro tama ba. Baƙin yashi ne mai nauyi da ruwan sama ke wankowa daga jikin dutse ya tara a rafuka. Mata da yara su kwaso, su yi ta tacewa da ruwa har farin yashi ya tafi, baƙin ya zauna. Maza su sare itace mai ƙarfi irin ƙirya su toya gawayi. Sannan a gina matoya da yumɓu, irin wadda masana suka tabbatar ba kasafai ake ganin tsarinta a wani wuri ba: mai zuga yana zaune a sama da zugazugin fata, iska na bin dogon bututun yumɓu da ya sauka tsaye har cikin wutar. Ana wuni ana zuga, ana zuba gawayi da yashi, bakin bututun na narkewa ana datse shi. Abin da za a ciro a ƙarshe dunƙule ne mai haɗe da kashin ƙarfe da gawayi, sai an farfasa, an tsince, an sake kai shi wuta kafin ya zama abin ƙira. A 1986 wani dattijon ƙabilar Mafa a ɓangaren Kamaru, mai suna Dokwaza, ya sake kunna irin wannan matoya a gaban masanin nan Nicholas David, aka ɗauki aikin a fim, domin a lokacin an yi shekaru da daina yin sa.

Cibiyar wannan sana'a a ɓangaren Najeriya ita ce Sukur, a kan dutse cikin ƙaramar hukumar Madagali, arewa da Mubi. Tun wajen ƙarni na 17 Sukur ke fitar da ƙarfe zuwa ƙasashen da ke kewaye har Borno, sandunan ƙarfenta kuma suna tafiya kamar kuɗi, har a biyan dukiyar aure. Wannan tarihi na cikin abin da ya sa UNESCO ta sa Sukur a jerin wuraren gadon duniya a 1999, wuri na farko a Najeriya da ya sami haka. To, ƙarfen da ake auren mace da shi, ake ƙera fartanya da shi, wa zai ɗauki mai yawa ya harba cikin ciyawa bayan zomo, alhali yana iya ɓacewa? Dole kan kibiya ya ƙanƙance.

Maƙeri kuwa ba kowa ba ne. A yawancin ƙabilun Mandara, su Kamwe da Mafa da Margi da Fali, maƙera zuriya ce ta daban. A tsakaninsu suke aure, matansu ke ginin tukwane, mazansu ke ƙira, su ne kuma ke ɗawainiyar gawa. Ana ɗan nesa-nesa da su wajen ci da sha, amma ba a iya rayuwa ba tare da su ba. Maharbi zai kawo guntun ƙarfe, sau da yawa ragowar fartanyar da ta cinye. Maƙeri ya sa a wuta har ya yi ja, ya ɗauko da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, wadda a da dutse ce, ya yi ta bugu yana juyawa har ya miƙe ya sirance. Ya faɗaɗa bakin kaɗan, ya datsa gefensa ya ɗaga kunnuwa. Wani lokaci ya murɗa wuyan tun da zafinsa, don dafi ya sami wurin kamawa. Daga nan aikin ya koma hannun maharbi: shi zai zaɓo kyauro miƙaƙƙe, ya gasa shi sama-sama ya daidaita, ya naɗe bakinsa da jijiya don kada ya tsage, ya cusa wutsiyar ƙarfen, ya shafe da ƙaro. Bakan sanda ɗaya ce ta itace mai lanƙwasa ba ta karye ba. Tsarkiya fata ce da aka yanka siririya aka murɗa. Kwari kuma na gora ne ko na itacen da aka rarake, a rufe da fata.

Kibiya mara nauyi, mara gashi, ba ta tafiya nesa a miƙe, ba ta kuma karya ƙashi. Maharban suka cike wannan giɓi ta hanya biyu. Ta farko sanɗa: sanin iska, sanin sawu, haƙurin kwanto har dabba ta zo kusa. Ta biyu dafi. A duk faɗin ƙasashen Sudan, tushen dafin kibiya shi ne 'ya'yan kwankwani, wasu su ƙara da tunya ko kariya, kowane gida da sirrinsa da ba ya faɗa wa bare. Dafin kwankwani zuciya yake kamawa, shi ya sa ɗan rauni ke kayar da gada, maharbi ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar, ya ɗauki sauran. Dangin wannan tsiro ne wani Bature mai suna John Kirk ya gani a hannun maharba a tafiyar Livingstone ta kogin Zambezi, daga baya Thomas Fraser na Edinburgh ya fitar da maganin ciwon zuciya daga cikinsa a ƙarni na 19.

Ƙananan namun daji ba su cika buƙatar dafi ba, kuma a nan ne makarantar harbi take. Yaro yana farawa da kunda, kibiya mai dunƙulen kan itace, wadda ke buge tsuntsu ko ƙadangare ba tare da ta huda ba, in ta kuskure kuma ba ta maƙalewa a reshe. In hannunsa ya faɗa, a ba shi tsiko, mai tsini mara kunne. Sai ya girma ya san nauyin abin kafin a bar shi ya taɓa mai kunne da dafi. Ga maharbi Musulmi akwai ƙarin hukunci da malamai ke karantarwa a babin farauta: abin da makami ya huda da kaifinsa bayan an yi bisimilla ya halatta, abin da bugu kawai ya kashe kuwa mushe ne. Shi ya sa mai kunda yake rugawa da wuƙa ya yanka kafin tsuntsun ya cika.

Hannun da ya koyi harbin kurege shi ne ya tsare gari ranar da mahara suka zo, kuma a ganina wannan ne muhimmancin ƙaramar farauta da marubuta tarihi ba su cika kula da shi ba. Ba a koyon harbi ranar yaƙi. A Tafkin Kwatto a 1804, 'yan baka na jama'ar Shehu Usmanu ne suka karya dawakin Gobir. A watan Afrilu na 1823 Baturen Ingila Dixon Denham ya bi rundunar Borno da ta Mandara, tare da Larabawa masu bindigogi ƙarƙashin Bu Khalum, suka afka wa wani garin Fulani a gefen waɗannan duwatsu. Ruwan kibau ya tarwatsa su, Bu Khalum ya mutu da dafin kibiya, Denham ya tsira da ƙyar, ko tufa babu a jikinsa. Mutanen kan dutse kuma da irin wannan makami suka yi ta kare kansu daga masu neman bayi, har zuwa zamanin Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda ya bar littafin ajiyar labaransa na 1912 zuwa 1927 cike da lissafin hare-hare da bayin da aka kamo. Shi yana da bindigogin zamani. Su suna da dutse da kwari da baka, ba kullum suke isa ba, amma su ne abin da ke akwai.

Jamusawa sun kama Mubi a 1903, Ingilishi suka karɓe ta a yaƙin duniya na farko, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da yankin cikin Najeriya. Duk tsawon wannan lokaci hukuma ta ƙuntata mallakar bindiga, harsashi da albarushi kuma kuɗi ne, don haka baka ya ci gaba da zama makamin talaka. Abin da ya sauya shi ne ƙarfen. Motoci suka shigo, tare da su karyayyen sifirin, tsohuwar ganga, guntun rodi. Maƙeri ya ga zai sayi ƙarfe a kasuwa da arha, wanda ba sai an tace yashi an wuni ana zuga ba. Zuwa wajen 1960 matoyun Sukur da na maƙwabtanta sun mutu. Ƙira ta rayu, narka tama ta tafi, tare da ilimin da ba a rubuta ba.

Daga nan sai ƙusa ta ƙarasa abin da sifirin ya fara. Ƙusa 'yar inci shida ta riga ta zo a miƙe, da tsininta. Saurayi zai sa ta a garwashin murhu, ya ɗora kan dutse ya buge kanta da guduma har ya baje, ya goge da zarto ya fitar da kunne, ya cusa a kyauro ya ɗaure da robar tayar keke. Wayar ƙafar keke ma tana yin kibiyar tsuntsu da ɓera. Igiyar leda ta maye gurbin fata a tsarkiyar yara da yawa. Yanzu wanda ba ɗan gidan maƙera ba yana ƙera kan kibiyarsa da kansa, ba ya neman izinin kowa. Akwai 'yanci a cikin wannan, ba na musu. Amma duk wanda ya jera kibiyar ƙusa da ta tsohon maƙeri zai ga bambanci: ƙarfen ƙusa laushi gare shi, yana lanƙwashewa in ya bugi dutse, nauyinsa kuma ba ya daidaita da kyauron, sai kibiyar ta riƙa kaɗa gindi a iska. Manyan maharba har yanzu wurin maƙeri suke zuwa.

A ƙarshen Oktoba na 2014 Boko Haram ta kama Mubi, ta sauya mata suna zuwa Madinatul Islam, ta shiga har Vimtim. Jama'a suka watse, da yawa suka bi ta duwatsu suka tsallaka Kamaru. Da aka ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba, maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka yi aikin tare da sojoji, ɗauke da bindigogin toka da adduna da kwari da baka. Tun daga lokacin ƙungiyoyin maharba a Adamawa suka zama wani ɓangare na tsaron ƙauyuka, masu bin sawun ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane.

Sai dai dajin da ya horar da su yana ƙarewa. Gonaki sun hau har kafaɗar dutse, gawayi da itacen girki sun cinye kurmi, ƙunar daji da farautar gayya da karnuka suna share zomo da 'ya'yansa a wuni ɗaya, abin da mai baka ɗaya ba zai yi a shekara ba. Yaron da a da zai yi rani yana bin makwarwa da kunda, yau yana aji ko yana kan babur yana neman fasinja zuwa Mubi, in ya ga kurciya kuma danƙo yake ɗaukowa. Waɗanda suka iya zaɓen kyauro da murɗa tsarkiya yawancinsu sun manyanta, alhali buƙatar maharba a harkar tsaro ƙaruwa take yi.