Silon Babur da Tarihin Fetur a Kaduna

Duk wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson Kawo ya san wannan hali: mai babur ya saki totur, inji ya yi tari, ya mutu. Bakanike zai ce babur ɗin ba shi da silo, ya karɓi kuɗin wankin kafireto. Sai dai dalilin mutuwar ya sauya a cikin shekara hamsin, kuma kusan kullum fetur yake bi.

Bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikatan Kaduna da dama sun sayi Vespa da Suzuki da Yamaha. Yawancin waɗannan injina suna ƙona baƙin mai tare da fetur, don haka fulogi ke fara kamawa da baƙi. Mai babur na yawo da fulogi na biyu a aljihu.

An buɗe matatar man Kaduna a 1980, amma hakan bai hana dogayen layuka a gidajen mai ba a shekarun 1990, daidai lokacin da matsin tsarin SAP ya tura matasa acaɓa. 'Yan bumburutu suka cika titi, wasunsu na surka fetur da kananzir, jarkoki kuma ba sa rasa ruwa da laka. Cutar ta koma kafireto. A cikinsa akwai wata 'yar ƙofa mai kaurin allura, ita kaɗai ke ciyar da inji idan an saki totur. Ƙwayar datti ɗaya ta isa ta toshe ta, alhali babur na gudu lafiya a kan hanya. Gwajin da kanikawan Panteka suka gada daga wancan zamani har yau yana aiki: a ja cok, idan inji ya rayu, to mai ne bai isa ba, ko ƙofar ta toshe ko iska na kutsawa ta tsagewar robar da ke haɗa kafireto da inji. Idan kuwa fulogi ya fito baƙi ƙirin da hunturu, a fara duba matatar iska kafin a zargi kowa.

Gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, mai sinadarin methanol fiye da kima, ya tuna wa mutane wancan zamani. Amma a ganina sauyin da ya fi girma ya zo ne ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 ta haura ₦500. Masu babur suka riƙa sassauta kusar silo da hannunsu don tsimin mai. Ƙaramin inji yana son juyi wajen 1,400 a minti kafin ya tsaya da kansa. Ƙasa da haka sai ya mutu a tsakiyar mahaɗa, da ɗan makaranta a baya, mota kuma na tafe.