Kujerar da Ba Ta Cika Tafin Hannu Ba

A shekarar 1558 aka kammala wani ɗan ƙaramin gida a birnin Munich, cikin ƙasar da ake kira Jamus a yau, bisa umarnin Albrecht na Biyar, mai mulkin Bavaria. Domin 'yarsa aka sa masassaƙa da maƙera suka yi shi, amma da aikin ya fito, sai uban ya ga ya fi ƙarfin hannun yarinya, ya sa aka ajiye shi a taskar kayan alfarma ta fada. Gobarar da ta ci fadar a 1674 ta haɗa da shi, har babu abin da ya rage sai jerin kayansa da aka rubuta tun kafin wutar. Daga wannan gida masu tarihi suke fara lissafin sana'ar ƙera ƙananan kayan ɗaki, kuma tun ranar farko sana'ar ta ɗauki halin da ba ta sake shi ba: sunan na yara, abin kuwa na manya.

Birnin Nuremberg ne ya karɓi sana'ar a ƙarni na 17, ya ba ta wani aikin. A 1631 wata mata mai suna Anna Köferlin ta kafa gidan 'yar tsana cike da gadaje da tukwane da akwatunan tufafi, ta riƙa karɓar kuɗi a nuna wa jama'a, domin 'yan mata su ga yadda ake tsara gida kafin a kai su ɗakin miji. Nata ya ɓace, amma gidan Stromer na 1639 yana nan a gidan tarihi na birnin. Daga nan abin ya gangara Holan, inda fataucin teku ya tara dukiya a hannun attajirai. Petronella Oortman, matar wani mai cinikin siliki a Amsterdam, ta shafe kusan shekara ashirin da biyar, daga wajen 1686 zuwa 1710, tana cika wani kabad da aka lulluɓe da ƙoƙon kunkuru aka yi masa ado da kuza. Tangaran ɗinsa daga ƙasar Sin aka yo odarsa, kwanduna masaƙa ne suka saƙa su, kayan azurfa kuma maƙeran azurfa ne suka buga. Yana gidan tarihi na Rijksmuseum har gobe. Sunan mai shi ya tsira shekara ɗari uku, sunayen mafi yawan waɗanda suka sassaƙa kujerun kuwa sun bi iska.

Ƙarni na 19 ya kusa kashe aikin hannun. Masana'antun Jamus suka riƙa fitar da ƙananan kujeru da tebura buhu-buhu, masu araha, ba tare da kula da awo ba, ta yadda za a ga kujera ta fi ƙofar ɗaki tsawo. Abin da ya dawo da martabar sana'ar shi ne, abin mamaki, wahalar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A 1921 Gimbiya Marie Louise, jikar Sarauniya Victoria, ta kai wa Edwin Lutyens shawarar a gina wa Sarauniya Mary, matar Sarki George na Biyar, gidan 'yar tsana. Lutyens a lokacin shi ne babban mai zanen gine-gine na Ingila, yana tsaka da aikin sabon birnin Delhi a Indiya, kuma bai raina buƙatar ba. Ƙasar ta fito daga yaƙi da bashi da makoki, masu sana'a suna neman abin da zai tuna wa duniya da ƙwarewarsu, saboda haka sama da mutum 1,500 suka sa hannu a cikin shekara uku. Hukuncin da ya fi kowanne tasiri shi ne na awo: Lutyens ya tsayar cewa kowane inci ɗaya zai tsaya a madadin ƙafa ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma sha biyu, daga bangon gidan har cokalin shayi. Aka ja ruwan zafi da na sanyi a famfuna, aka sa lantarki da na'urar hawa bene mai aiki, aka jera motoci a gareji, aka ɓoye lambun da Gertrude Jekyll ta tsara a cikin wata durowa a ƙasa. Arthur Conan Doyle da Rudyard Kipling da Thomas Hardy sun ba ɗakin karatun rubuce-rubucensu, George Bernard Shaw kuwa ya ƙi. Bayan an buɗe baje kolin daular Birtaniya a Wembley ranar 23 ga Afrilu, 1924, mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida suka bi layi suka ga gidan. A filin nan dai aka gina wani gari mai ganuwa da ƙofofi irin na biranen arewacin Nijeriya, aka kawo masu sana'a daga Afirka ta Yamma suna aiki a gaban 'yan kallo. A 1925 aka mayar da gidan fadar Windsor, inda yake har yau.

Sai mutum ya zauna kusa da mai wannan aiki kafin ya gane nauyin da awon Lutyens ya ɗora masa. Kujerar da mazauninta yake inci goma sha takwas daga ƙasa za ta koma inci ɗaya da rabi. Katakon da kaurinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne zai koma kashi ɗaya cikin goma sha shida, abin da yatsa biyu za su iya karyawa. Awo yana raguwa, amma jijiyar itace ba ta raguwa. Idan aka ɗauko mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, wanda da shi manyan kafintocin Ingila irin su Thomas Chippendale suka yi suna a ƙarni na 18, aka yanka shi ƙanana, zanen jikinsa zai fito gatsa-gatsa ya tona asirin aikin. Shi ya sa ƙwararru suke neman itace mai matsattsiyar jijiya, kamar ceri, su rina shi ya ɗauki launin na asali. Durowar da ba ta fi akwatin ashana ba sai an yanka mata haƙora a kusurwa, katako ya ciji katako, ta ja ta koma ba tangarɗa. Da siririn zarto irin na maƙeran zinariya ake yankan, ido a kan madubin ƙara girma. Yadi ma yana da nasa taurin kan, domin labulen inci shida ba shi da nauyin da zai zubo da kansa, sai an kafe kowane ninki da hannu.

Wadda ta mayar da wannan ƙwarewa hanyar adana tarihi ita ce Narcissa Niblack Thorne. An haife ta a Vincennes ta jihar Indiana a Amurka a 1882, ta auri James Ward Thorne, ɗan gidan masu kamfanin Montgomery Ward na Chicago, kuma tun tana yarinya take tara ƙananan kayayyaki. Karayar tattalin arziki da ta faro a Oktoban 1929 ta bar kafintoci da masu zanen gini da masu ɗinki zaune babu aiki, ita kuwa tana da kuɗi da haƙuri da shirin da ya dace da su. Daga 1932 zuwa 1940 ta ɗauke su aiki. Maimakon gida guda, sai ta zaɓi ɗaki ɗai-ɗai, kowanne yana wakiltar zamani da ƙasa: zauren Ingila na zamanin sarakunan Tudor, falon Faransa na zamanin Louis na Goma Sha Shida, ɗakin girkin mutanen Massachusetts na ƙarni na 17. Kowace kujera an duba ta da ta gaske a littattafai da gidajen tarihi kafin a sassaƙa. Haske kuma ta taga da ƙofar ɗakin maƙwabta yake shigowa, kamar hantsi ne ya leƙo. Ta guji zaunar da 'yan tsana a kan kujerun, kuma a ganina nan ne basirarta ta fi fitowa, domin katako yana iya yaudarar ido, fuskar mutum da aka ƙera kuwa ba ta iyawa.

An nuna ɗakunan farko a baje kolin duniya na Chicago a 1933, sannan San Francisco a 1939 da New York a 1940. A 1936 labarinta ya kai Ingila, aka nemi ta ƙera ɗakin karatu na Windsor domin bikin naɗin Edward na Takwas. Sarkin ya yi murabus a Disambar shekarar kafin a naɗa shi, amma ta cika alkawari, aka baje ɗakin a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. A wajen aikinta ne kuma aka ji sunan mai aikin da kansa: Eugene Kupjack, wanda ya shigo yana saurayi, ya ci gaba da sana'ar da sunansa har rasuwarsa a 1991.

A 1941 Thorne ta ba Cibiyar Fasaha ta Chicago ɗakunan kyauta, aka buɗe musu zaure na dindindin a 1954, ita kuma ta rasu a 1966. Awon inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya ya zama mizanin da akasarin masu sana'ar suke bi a Turai da Amurka. Ɗakuna 68 suna Chicago a bayan gilashi, 31 na Turai da Asiya, 37 na Amurka. Wasu 20 suna Phoenix, 9 kuma suna Knoxville.