Wakili da Dillalin Inshora a Agege

Manyan masu shiga tsakani wajen sayar da inshora a Najeriya iri biyu ne: wakili da dillali. Wakili yana tallar hajar kamfanin da ya naɗa shi, irin su Leadway ko AIICO, ana biyansa kamasho a kan abin da ya kawo. Dillali kuwa kamfaninsa yake kafawa, yana tsayawa ɓangaren mai saye, yana zaɓa masa kamfanin da ya fi dacewa da buƙatarsa. Dukansu sai da lasisin hukumar kula da inshora, NAICOM, wadda aka kafa a 1997.

Hanyar wakilci ta fi sauƙin shiga, domin kamfani ne ke ba da horo da takardu. Dillanci yana neman jari, da rajistar kamfani, da shiga ƙungiyar dillalan inshora, NCRIB, sannan da inshorar da za ta biya diyya idan dillalin ya yi kuskure. Amfaninsa shi ne abokan ciniki nasa ne, ba na wani kamfani ba.

A Agege, inda Hausawa suka daɗe suna fataucin goro da shanu, harkar ta haɗa da inshorar motoci, musamman wadda doka ta wajabta, wadda kuɗinta na ƙaramar mota ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. 'Yan kasuwa da yawa suna ƙyamar inshora saboda riba, shi ya sa ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, da NAICOM ta fitar a 2013 suka zama muhimmiyar ƙofa ga wakili ko dillalin da ke neman amincewar jama'ar zango.