Tarihin Kyanwar Korat Mai Gashin Azurfa

A ƙasar Siyam, wadda aka sake wa suna Tailan cikin 1939, akwai wata irin kyanwa wai ita Korat. Gashinta ruwan toka ne, amma bakin kowane sili fari, in rana ta haska ta sai ka ce azurfa. Idanunta kuwa kore shar.

Tsohon iri ce ƙwarai, gama an zana siffarta cikin littafin Tamra Maew, wanda akan danganta asalinsa da daular Ayutthaya, watau 1351 zuwa 1767. Mutanen ƙasar sun ɗauke ta alamar arziki. A al'adarsu ta da ba a sayar da ita, sai dai a ba amarya kyauta.

Cikin 1959 aka kai guda biyu Amurka, Nara da Darra. Masu kiwonta suka kafa sharaɗi, ba a kiran kyanwa Korat sai asalinta ya tuƙe a Tailan. Wannan shi ya sa take da wuyar samu, shi ne kuma ya tsare kamanninta. Saboda haka, 'yan makaranta, in kun ga hotonta yau, irin wadda masu zanen Siyam suka gani ce kuke gani.