Yadda Ƙofar Wallafa Bincike Ta Buɗe Wa Ɗaliban Jami'a

Yau hirar tamu kan wata tambaya ce da ta shafi duk wanda ke jami'a: ɗalibin da ko digirin farko bai gama ba, zai iya wallafa bincikensa duniya ta karanta kyauta? E, zai iya, amma an sha tafiya kafin a iso nan. Ku biyo ni.

Mu fara daga 1665. A shekarar ne aka soma buga mujallun bincike, ɗaya a Faris, ɗaya a Landan mai suna Philosophical Transactions, wadda Henry Oldenburg ya shirya. Shekaru aru-aru ƙungiyoyin masana ne suka fi riƙe wannan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai 'yan kasuwa suka shigo da ƙarfinsu, irin su Robert Maxwell mai kamfanin Pergamon. Ku ji yadda cinikin yake: malami ya yi bincike ya miƙa kyauta, wasu malaman su tantance kyauta, sannan kamfani ya sayar wa ɗakin karatun jami'a da ɗan karen tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Har yau akwai maƙalar da sai ka biya dala 30 ko fiye kafin ka karanta. To ina ɗalibi zai samo?

Intanet ce ta fara karya wannan kwaɗo. A 1991 wani masanin fiziks, Paul Ginsparg, ya buɗe rumbun arXiv a Los Alamos ta Amurka, inda masana ke ajiye aikinsu kowa ya sauke. A Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budapest, wadda ta nemi a bar kowa ya karanta bincike, ya sauke, ya rarraba, ba tare da biyan ko sisi ba. A 2003 Jami'ar Lund ta Suwidin ta kafa DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta.

To ina ɗalibai a wannan labari? Tun 1969 wata malama, Margaret MacVicar, ta kafa shiri a jami'ar MIT da ke sa ɗaliban digirin farko cikin bincike na gaske tare da malamansu. Amma ko sun gama, da wuya su samu inda za a buga musu da sunansu. Sai a 1997 wasu ɗalibai a Amurka suka kafa Journal of Young Investigators: ɗalibai ke rubutu, ɗalibai ke tacewa tare da taimakon malamai, kowa kuma ya karanta kyauta. A 2007 Jami'ar Warwick ta Ingila ta fito da tata mai suna Reinvention. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne, mujallar intanet ba ta cin kuɗin takarda da na aikawa.

Mu ma nan Afirka muna da rabo. A 1998 aka fara African Journals Online, wato AJOL, mai tattara ɗaruruwan mujallun nahiyar nan, da yawansu daga Najeriya. Mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, BAJOPAS, tana ciki.

Sai dai fa, a kula. Da ƙofa ta buɗe, wasu kamfanoni suka juya lissafin: mai karatu ba zai biya ba, marubuci ne zai biya. A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 kan maƙala guda. Daga nan 'yan damfara suka samu hanya, suna buga duk abin da aka aiko muddin an biya. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya aika maƙalar bogi mai cike da kurakurai zuwa mujallu 304, sai ga 157 sun karɓa.

Ni dai ga abin da na ɗauka daga wannan tarihi. Kowace shekara ɗalibanmu suna rubuta kundin kammala digiri kan ruwan rijiyoyin unguwa, cututtukan gero, karin harshen ƙauyukansu, abubuwan da ba wanda zai taso daga Turai ya rubuta mana. A yi masa bango, a jibge a sito, gara ta cinye. Asara ce babba.

Idan aikinka ko aikinki ya yi kyau, ku zauna da malamin da ya duba shi, ku taƙaita shi ya zama maƙala. Ku nemi sunan mujallar a DOAJ ko AJOL, don da yawa cikin na DOAJ ba sa karɓar komai daga marubuci. Wadda ta ce a turo kuɗi za ta buga cikin kwana uku, ku guje ta. Idan masu tantancewa suka dawo da aikin da gyare-gyare, kada gwiwa ta yi sanyi, manyan farfesoshi ma haka ake yi musu.

A tura wa abokin da ke aji huɗu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.