Daga Tashar Kano Zuwa Landan: Abin da Ɗaliban Farko Suka Tarar

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, kuma ba don ɗalibai aka shimfiɗa shi ba. Auduga Turawa suka sa wa ido, sai gyaɗa ta yi musu ba-zata ta cika taragu. Amma a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta fara tura malaman Arewa ƙaro ilimi a Ingila, wannan tasha da ke gefen Fagge ta zama ƙofar fita ga ɗan Kano, ɗan Kazaure, ɗan Daura da ɗan Katsina. Nan dangi ke tsayawa da rakiya. Daga nan sai shi da adakarsa da ɗan guzurin kilishi.

Tun kafin jirgi ya yi kuka, matafiyi ya gama ganin yadda aka tsara duniyar da zai bari. Birni na bayan ganuwa, Fagge ta fatake, Sabon Gari ta baƙin Kudu da aka keɓe wajen 1913, Nasarawa ta Turawa. Taragun ma hawa uku ne, kowa ya san inda fatarsa da aljihunsa suka ajiye shi. Tafiyar Ikko mil 700 ce, kusan kwana biyu idan an yi sa'a: Zariya, Kaduna, Minna, a ƙetare Kwara a Jebba, sannan Ilori da Badun. Sa'ar kuwa ba kullum ake yin ta ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar kawunan jiragen a gajiye, babu kayan gyara, shi ya sa buhunan gyaɗa suka yi ta taruwa dala-dala a Kano suna jiran tarago. A watan Yunin 1945 ma, ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari da sunan Michael Imoudu ya yi tashe a cikinsa, layin ya yi tsit fiye da kwana 40.

Wanda ya kai Ikko bai rabu da wahala ba. Kamfanin Elder Dempster, mai jigilar fasinja zuwa Libaful, ya rasa manyan jiragensa a yaƙi: Accra da Apapa a 1940, Abosso a 1942. Sababbin da suka gaje su sai 1947 da 1948 suka fara aiki, Aureol kuwa sai 1951. Kafin nan gurbi a jirgin ruwa abin jira ne. Idan an samu, sai kimanin mako biyu a kan teku ga mutumin da ruwan da ya sani bai wuce kogin Challawa ba, ga jiri da amai, ga alƙibla mai juyawa tare da jirgi, ga nama a faranti da ba a san wanda ya yanka ba.

Abubakar Tafawa Ɓalewa na cikin rukunin da suka je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945. Malam Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa, ya bi sahu a 1946. Dukansu daga Midil ta Bauchi suka tashi, inda dogo bai kai ba tukuna.

Abin da suka tarar shi ne ya fi cancantar a tsaya a kai. A gida, Bature Razdan ne ko Di'o, mai kuku da boyi, wanda ake cire wa takalmi. A Landan kuwa ga shi yana dako a tasha, yana shara, yana bin layi da katin rabon abinci a hannu. Unguwanni da dama kufai ne saboda bama-baman Jamus. Burodi, wanda ko ana tsakiyar yaƙi ba a ƙayyade shi ba, an sa shi cikin rabo a Yulin 1946. Sannan hunturun farkon 1947 ya sauka, ɗaya daga cikin mafiya tsanani da ƙasar ta gani a ƙarnin: dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, kwal ya maƙale a ma'adinai, aka riƙa ɗauke wuta awa biyar a rana. Wanda sanyin da ya sani shi ne na hunturun Kano, da ake maganinsa da mayafi da jin wuta da hantsi, ya ga masu mulkinsa suna makyarkyata a ɗakunansu. Da bazarar tasu ta zo, azumi ya faɗo a Yuli da Agusta, yinin ya haura awa 17.

Ba a ce sanyi da layin burodi ne suka haifi siyasar Arewa ba. Rashin adalcin En'e ya ishe ta dalili. Sai dai kwarjini abu ne da ke rayuwa da nisa, kuma tafiyar ta cinye nisan. Mutanen biyu sun ga Landan ɗaya, suka karanta ta daban. Ɓalewa ya dawo da girmama tsarin majalisar Ingila da son gyara a hankali. Malam Aminu ya dawo da ra'ayin 'yan Leba da masu neman 'yanci da ya yi cuɗanya da su, da kuma tunanin haɗa kan malaman Arewa a ƙungiya guda.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a wani gida a Sabon Gari, tafiyar ƙafa daga tashar. Malam Aminu ba ya cikin takwas ɗin da suka zauna a ranar, yana koyarwa a Maru. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin gwamnati ya dawo Kano.