Ayarin Alfadarai Ashirin a Kwarin Mutuwa

A gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani kwari da masu neman zinariya suka laƙaba wa suna Kwarin Mutuwa, bayan wani ayarinsu ya sha azaba a cikinsa a shekarar 1849. Ba kufai ba ne, domin ƙabilar Timbisha ta daɗe tana zaune a can, amma wuri ne mai tsananin zafi da ƙarancin ruwa. Abin da ya jawo hankalin 'yan kasuwa gare shi shi ne wani farin ma'adini mai suna boraks, wanda ke taruwa a busasshen tafki kamar yadda kanwa ke yi a wajenmu. Ana amfani da shi wajen wanki da yin gilashi da aikin ƙira.

A 1881 wani matalauci mai suna Aaron Winters ya gano ma'adinin, ya sayar da haƙƙinsa ga attajiri William T. Coleman a kan dala 20,000. Coleman ya kafa masana'antar Harmony a cikin kwarin. Sai dai mallakar ma'adini daban, kai shi kasuwa daban. Tashar jirgin ƙasa ta garin Mohabi tana da nisan mil 165, babu hanyar kirki, kuma akwai inda za a yi tafiyar kwanaki ba a ga rijiya ba.

Da a hamadarmu ne, da raƙumi aka nema, kamar yadda ayarin gishirin Bilma ya yi ɗaruruwan shekaru yana yi. Su kuwa sai suka dogara ga ƙafar keke. Aka ƙera manyan kekunan dako irin na amalanke, kowane mai tsawon ƙafa 16, yana ɗaukar tan 10. Ƙafafun baya tsayinsu ƙafa 7, an yi musu ɗaurin ƙarfe mai faɗin inci 8 don kada su nutse. Akan haɗa kekuna biyu, a ɗaura musu tankin ruwa na galan 1,200 a baya. Wannan tanki, a ganina, shi ne ran tafiyar, domin dabbobin na jan ruwan da za su sha tare da kayan da za a sayar. Jimillar nauyin ta haura tan 36.

Ko da yake ana cewa alfadarai ashirin, galibi goma sha takwas ne da dawakai biyu. Dawakan ake sawa dab da keke saboda sun fi nauyin jiki. Sauran kuwa a jera su bibbiyu, an ɗaura su ga doguwar sarƙa. Mai kora yana da igiya guda ɗaya tak, mai tsawon kimanin ƙafa 120, wadda ta kai ga alfadarin da ke kan gaba ta hagu. In ya ja ta a hankali, a juya hagu. In ya yi ta fizga, a juya dama. Babban gwaji shi ne kwana a kan dutse. Idan duk dabbobin suka bi kwanar, sarƙar za ta miƙe ta jawo keken zuwa rami. Saboda haka aka horar da wasu alfadarai na kusa da baya su tsallake sarƙar, su riƙa ja ta wani ɓangare suna tafiya a karkace, har a wuce. Wanda ke zagin alfadari da taurin kai ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani. Mutum biyu ne ke tafiyar, mai kora da yaronsa, wanda ke riƙe birkin keken baya, ya ciyar da dabbobi, ya kuma dafa abinci. Kwana goma zuwa, kwana goma dawowa.

Duk wannan sha'ani bai wuce shekara shida ba, daga 1883 zuwa 1889. Coleman ya karye a 1888, dukiyarsa ta koma hannun Francis Marion Smith a 1890. An ci gaba da amfani da alfadarai a gajeriyar hanya tsakanin ma'adinin Borate da garin Daggett, aka gwada tarakta mai tururi a 1894 ba ta yi abin kirki ba, sai layin dogo ya karɓe aikin a 1898.

A nan ne ayarin ya shiga rayuwarsa ta biyu, wadda ta fi ta farko tsawo. Kamfanin Smith ya buga hotonsa a kwalin garin wanki mai suna 20 Mule Team Borax, aka kai alfadaran baje kolin duniya na St. Louis a 1904. Daga 1930 kamfanin ya ɗauki nauyin shirin rediyo na labaran kwarin, wanda ya koma talabijin, har Ronald Reagan ya taɓa gabatar da shi kafin ya shiga siyasa. Leburori 'yan Sin da suka riƙa kankare ma'adinin da shebur a cikin rana, suna kwana a tantuna a gefen masana'antar Harmony, su kam ba su shiga hoton kwalin ba.